Kunne Ba Ya Barci: Da Iyafis Za a Kwana Ko da Sifika?

Ido yana da murfi, kunne ba shi da shi. Idan mutum ya kwanta ya runtse ido, harkar gani ta ƙare sai da safe, amma kunne yana nan a buɗe kamar ƙofar zaure, duk abin da ya gifta sai ya leƙo. Tun a 1960 wasu masu bincike a Jami'ar Oxford, cikinsu har da Ian Oswald, suka gwada haka. Sun riƙa kunna wa masu barci jerin sunaye da aka naɗa, sai suka ga ƙwaƙwalwar mai barci ta fi zabura idan an ambaci sunansa a kan na wani. Mai jego ba ta buƙatar wata jami'a ta gaya mata wannan. Ana iya ruwa da tsawa ba ta motsa ba, amma jariri na yin ɗan ƙwarya-ƙwaryan kuka ta farka.

Wannan kunnen da ba ya hutawa shi muke cusa wa iyafis mu kwana da shi. Ɗabi'ar ba sabuwa ba ce. Iyayenmu sun sha kwana da ƙaramar rediyo a gefen matashi, ana jin labaran duniya har barci ya sace mutum, a wayi gari batir ya yi sanyi. Abin da ya sauya shi ne a da sautin yana yawo a ɗaki ne, yanzu kuwa yana cikin ramin kunne, bai fi santimita ɗaya ko biyu da dodon kunne ba, kuma batirinsa na iya kaiwa asuba.

Ka je kasuwar waya, ko Farm Centre a Kano ko wata, ka ce kana son abin da za ka riƙa kwana da shi. Mai shago zai ɗauko maka wanda ya fi duka, ya ce, "Alhaji, wannan cajinsa kwana yake yi." Gaskiyarsa, abin da aka saba tambayarsa ke nan. Sai dai duk abubuwan da ke sa iyafis ya yi kyau da rana, wato ƙarfin sauti da dukan ganga da daɗewar caji da toshe kunne ruf, su ne ke zama aibinsa da dare. Kafin a kai ga maganar wanne za a saya, akwai tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kansa: me ke hana ni barci?

Masu kwana da sauti kashi biyu ne, ko da yake su kansu ba kasafai suke bambancewa ba. Akwai wanda hayaniyar ke cikin kansa. Ɗaki shiru, amma da ya sa haƙarƙari a katifa sai lissafin kuɗin makaranta da na haya da maganar da wani ya yaɓa masa da rana su taso. Wannan yana neman abin da zai riƙe masa hankali na ɗan lokaci ne har barci ya zo. Akwai kuma wanda hayaniyar ke waje: janaretan maƙwabci, gidan biki, manyan motoci a kan titi, ko minsharin wanda suke ɗaki ɗaya. Wannan so yake a kare shi daga sauti. Ciwo biyu ne, maganinsu ma biyu ne, kuma yawancin ɓarnar da ake yi wa kunne da dare daga haɗa su take fitowa, inda mutum zai ɗauki kiɗa ya mai da shi katanga tsakaninsa da janareta.

Mu fara da na farko. Shin kiɗa yana taimakawa kuwa? Yana yi, gwargwado. Cibiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta sake nazarin wannan batu a 2022, inda ta haɗa gwaje-gwaje 13 da aka yi a kan mutum 1,007 masu fama da rashin barci. Waɗanda suka riƙa sauraron kiɗa sun ce barcinsu ya gyaru fiye da waɗanda ba su saurara ba. Amma akwai abu biyu da masu talla ba sa faɗa. Na ɗaya, gyaruwar ta fi fitowa a bakin mutanen, ba a na'urorin auna barci ba. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, sauraron da aka yi a gwaje-gwajen bai wuce awa ɗaya a rana ba. Ba kwana aka yi da kiɗa a kunne ba. Amfanin yana bakin ƙofar barci ne, lokacin da numfashi ke lafawa, zuciya ke rage gudu. Shi ya sa ake yawan ba da shawarar kiɗa mai sanyi, wanda bugunsa ke tsakanin 60 da 80 a minti, kusa da bugun zuciyar mutumin da ke hutawa. Da zarar barci ya ɗauke ka, kiɗan ya gama aikinsa, abin da ya rage kawai ƙwanƙwasa ƙofar ƙwaƙwalwa yake yi.

Har ma yana iya juyewa ya zama matsala. A 2021 Michael Scullin na Jami'ar Baylor da ke jihar Texas ya wallafa bincike a kan abin nan da kowa ya sani, waƙa ta maƙale a kai tana ta maimaita kanta. Ya gano cewa masu yawan sauraron kiɗa dab da kwanciya sun fi fama da haka cikin dare, kuma barcinsu ya fi lalacewa. Abin mamakin shi ne, da aka kwantar da mutum 50 a ɗakin gwaji aka kunna musu sanannun waƙoƙi, waɗanda aka ba kiɗan zalla babu muryar mawaƙi su suka fi samun maƙalewar. Kamar dai ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin baitocin da kanta. Darasin da na ɗauka a nan shi ne waƙar da ka haddace, wadda ƙafarka ke motsi idan an sa ta, ba ta kwanciya ba ce ko da an cire mata murya. Da yawa daga cikinmu ma ba kiɗa muke sa wa ba, karatun Alƙur'ani ne, ko wa'azi, ko littafin da ake karantawa a rediyo. Ta fuskar lafiyar kunne duk hukuncinsu ɗaya, sauti sauti ne. Ta fuskar barci kuwa, murya mai tafiya a kan kari ɗaya ta fi labarin da ke sa mutum jiran abin da zai faru gaba.

Yanzu ga lissafin da ya kamata kowa ya sani. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ƙa'idar sauraro: babba zai iya jin sauti mai desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, yaro kuma desibel 75. Ma'aunin yana da wayo, domin duk ƙarin desibel 3 ninka ƙarfin yake yi, sai lokacin ya ragu da rabi. A 83 awa 20 ke gare ka, a 86 awa 10, a 89 awa 5, idan ka kai 95 kuwa minti 75 kacal a duk mako. Wayoyi da yawa idan aka ƙure su suna kaiwa 100 ko su wuce. To, wanda ke kwana awa 8 da iyafis dare bakwai ya tara awa 56. Ko a desibel 80 ya tsaya ya riga ya haura ƙa'ida, tun ba a lissafa abin da ya ji da rana a cikin adaidaita sahu ko wurin aiki ba. Da rana idan sauti ya yi yawa mutum yana ji ya rage. Mai barci ba ya rage komai.

Abin da ke lalacewa yana can ciki, bayan dodon kunne, a wani ɗan sashe mai siffar dodon-koɗi. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 15,000 a kowane kunne, su ke mai da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ba sa kuma mutuwa da ciwo, a hankali suke tafiya, sai bayan shekaru mutum ya lura yana yawan cewa "na'am?" a cikin taro, ko kunnensa na wani ƙugi idan dare ya yi tsit. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Wanda ya fara jin wannan ƙugin kuma sai ya ƙara dogara da kiɗa don ya danne shi ya samu barci. An gudu ba a tsira ba.

A nan ne mai matsala ta biyu, wato wanda hayaniyar waje ke damunsa, ke shiga uku. Don kiɗa ya danne ƙarar janareta dole ya fi ta ƙarfi, shi ya sa hannu ke zuwa kan maɓallin ƙari ba tare da an sani ba. Hanyar da ta fi ita ce a rage hayaniyar tukuna. Abin toshe kunne na soso, irin wanda ma'aikatan masana'anta ke sawa, shi ne mafi araha, kuma babu batir babu caji. Mafi kyawunsa an rubuta yana rage har desibel 33, ko da yake a zahiri ba a cika samun haka ba, musamman idan ba a murza shi ya siranta kafin a zura ba. Sai kuma iyafis masu kashe hayaniya, waɗanda ke da ɗan makirfo da ke sauraron ƙarar waje, su ƙirƙiri kishiyarta, biyun su haɗu su soke juna. Dabarar tsohuwa ce, wani Bajamushe Paul Lueg ya yi mata rajista tun a shekarun 1930, amma sai da Amar Bose, mai kamfanin kayan sauti na Bose, ya sha ƙarar injin jirgi a wata tafiya a 1978 sannan kamfaninsa ya ɗauke ta da gaske, ya fara da matuƙa jirgin sama. Asalin nan yana gaya maka iyakarta. Ta ƙware a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa: gurnanin janareta, na'urar sanyaya ɗaki, injin mota. Kukan jariri, haushin kare, carar zakara da muryar mutum kuwa suna ratsa ta. Wanda gidan biki ya dama, kada ya kashe kuɗinsa a kanta yana tsammanin shiru na kabari.

Akwai kuma masu sa sautin shuuu, irin na rediyon da ba ta kama tasha ba, ko na ruwan sama, don ya lulluɓe sauran ƙararraki. Hikimar ita ce abin da ke tada mai barci ba ƙarfin sauti ba ne kawai, sauyinsa ne kwatsam, don haka idan akwai shimfiɗar sauti a ƙasa, bugun ƙofa ba zai fito fili sosai ba. Mu nan fanka ta daɗe tana yi mana wannan aikin, shi ya sa ɗauke wuta ke tada mutum tun kafin zufa ta zo. Amma masu bincike a Jami'ar Pennsylvania da suka duba nazarce-nazarce 38 a kan haka a 2021 sun ce hujjar amfaninsa mai rauni ce ƙwarai. Wanda yake masa aiki ya ci gaba, a ƙasa-ƙasa. Ba abin da za a ɗora wa kowa ba ne.

Sai maganar jin daɗi a jiki, wadda ita ce ke kai mutane kasuwa tun farko. Komai ya rataya ne a kan yadda kake kwanciya. Mai kwana rigingine kusan komai zai iya sawa, har da babban hedfon mai rufe kunne, in dai ba ya juyi. Amma yawancin mutane a gefe suke kwana, mu kuma an tarbiyyantar da mu a kan kwanciya ta ɓangaren dama, hannu a ƙarƙashin kunci, kamar yadda sunna ta koyar. Ke nan kunnen dama yana tsakanin nauyin kai da matashi. Duk abin da ya turo waje daga kunnen, matashi zai mai da shi ciki. Iyafis mai ƙwanso mai tauri ko mai doguwar jela yana danna guringuntsin kunne na sa'o'i, a tashi da safe kunne ya yi ja yana zogi. Gwaji mai sauƙi tun a shago: sa shi, ka ɗora tafin hannunka a kan kunnen ka ɗan danna. Idan ka ji ya soke ka a daƙiƙa biyar, ka ƙaddara awa bakwai.

Mafita mafi sauƙi ba ta buƙatar sayen komai. A sa guda ɗaya a kunnen hagu, wanda ke sama, a bar na dama ya huta a kan matashi. Wayoyi suna da wurin da ake haɗa sautin kunnuwa biyu ya fito ta ɗaya, yana cikin saitin taimaka wa masu larurar ji, don kada rabin kiɗan ya ɓata. Matashin kansa yana rage hayaniyar da ke shiga kunnen ƙasa.

Kamfanoni sun yi ta ƙoƙarin warware wannan, kuma tarihinsu ya nuna abin ba wasa ba ne. A 2007 wata likita a Amurka, Wei-Shin Lai, wadda kiran marasa lafiya ke tada ta cikin dare ta kasa komawa barci, ita da mijinta suka ɗinka wasu siraran sifikoki a cikin ƙyalle mai kama da ɗaurin goshi, suka kira shi SleepPhones. Irin wannan ɗauri yanzu ya cika kasuwannin intanet, kuma ga mai kwana a gefe ya fi komai taushi tunda ba abin da ke shiga rami. Amma an yi shi ne a ƙasar sanyi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, da zafi ya haura digiri 40 da rana, ɗaki bai huce ba har tsakar dare, wa zai ɗaura ƙyalle mai kauri a ka? Kayan hunturu ne. Kamfanin Bose kuwa ya fito da nasa ƙananan iyafis na barci a 2018, waɗanda ke lafewa cikin kunne, amma don su ƙanƙance sai da aka hana su ɗaukar kiɗa daga waya, sautukan da kamfani ya tanada kawai suke yi. A 2019 aka janye su saboda matsalar batir, aka dawo da sabon samfuri a 2020 a kan dala 249, a 2023 aka daina gaba ɗaya. Wasu tsofaffin ma'aikatan kamfanin ne suka ci gaba da aikin da sunan Ozlo, yayin da kamfanin Anker ke sayar da nasa masu sauƙin kuɗi da sunan Soundcore Sleep. Ƙanƙanta da daɗewar batir kishiyoyi ne, duk wanda ka ba fili ɗayan zai yi yaji.

Ramin kunne ma yana da nasa haƙƙin. Tsawonsa kimanin santimita biyu da rabi ne, kuma yana share kansa da kansa: dattin kunne, wanda a gaskiya kariya ce, yana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje. Abin da aka toshe ramin da shi kullum yana mai da dattin baya ya cushe, ya kuma riƙe zufa da ɗumi, yanayin da ƙwayoyin cuta da fumfuna ke so. Ciwon kunne na fumfuna ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da laima, don haka damina lokacin kula ce. Ƙaiƙayi, ruwa-ruwa, wari ko jin kunne ya toshe alamu ne na a ajiye iyafis a ga likita, ba a ɗauko tsinken ashana ko gashin kaza ba. Robar bakin iyafis kuma tana son wanki, kuma ba abin aro ba ce.

Duk wannan ne ya sa nake ganin ga mafi yawan mutane sifika ta fi. Ƙaramar MP a kan durowa, nesa da kai da kamar taku ɗaya ko biyu, a ƙasa-ƙasa yadda za ka iya yin magana a kanta ba tare da ɗaga murya ba. Kunne na shan iska, ba abin da ke danna shi, kuma tazara na cinye ƙarfin sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin kwana bai kamata ta wuce desibel 30 ba, wato kamar raɗa. Wannan ya nuna irin ƙasan da ake nufi. Matsalar sifika ɗaya ce, ba kai kaɗai ke ji ba. Gidajenmu kuwa ba kowa ke da ɗaki shi kaɗai ba: ɗalibi a ɗakin kwanan makaranta, samari huɗu a shago ɗaya, miji da mata da goyo. A nan sifikar matashi ke da rana, wata 'yar faifai ce da ake turawa ƙarƙashin filo, wanda kansa ke kai shi ke ji, na kusa da shi da ƙyar. Sautinta ba shi da armashi, ganga ba ta fita, amma ai ba rawa aka zo yi ba.

Idan akwai jariri a ɗakin a ƙara taka-tsantsan. A 2014 likitoci a wani asibitin yara da ke Toronto sun gwada na'urori 14 da ake sayarwa don sa jarirai barci. Da aka ƙure su a tazarar santimita 30, dukkansu sun wuce desibel 50 da ake so a ɗakin jarirai na asibiti, uku ma sun haura 85. Waɗannan fa don jarirai aka ƙera su, balle wayar da uwa za ta ajiye a gefen kan yaro.

Akwai kuma abin da ba a so a rasa ji. Kunnen da aka toshe duka biyu ba ya jin kukan yaro, ba ya jin motsi a tsakar gida, ba ya jin maƙwabci na ihun gobara, kuma da yawa sun makara sallar asuba a kan haka. Magidanci ko uwa su toshe kunne biyu ruf, ni dai ban ga hikimarsa ba. Iyafis mai igiya yana iya naɗe wuya wajen juyi, ga yara ma bai dace ba sam. Marar igiya kuma yana faɗowa ya ɓace a cikin gidan sauro, kuma a 2021 jaridun Amurka sun ba da labarin wani mutum a jihar Massachusetts da ya haɗiye nasa cikin barci, sai da likitoci suka zura na'ura suka ciro shi daga maƙoshi. Game da tsoron da ake yaɗawa cewa Bluetooth na dafa ƙwaƙwalwa, ƙarfin da yake fitarwa bai kai na wayar da ake karawa a kunne ana kira ba, nesa ba kusa ba. Abin tsoro na gaske shi ne wayar da aka jona a caji aka tura ƙarƙashin matashi, batirinta na ɗaukar zafi ba inda zai fita. Da yake wuta sau da yawa cikin dare ake kawo ta, wannan kuskuren ya zama ruwan dare a gidajenmu.

Na taɓa kwana da waƙoƙi a wata manhaja ta kyauta, wajen ƙarfe biyu talla ta faɗo da ƙarfin da ya ninka na waƙar, na zabura zuciya na dukan uku-uku, ban sake runtsawa ba har aka kira assalatu. Tun daga ranar nake sauke abin da zan ji a kan waya tun da rana, in kashe data, in rufe bakin saƙonni. Sannan in saita agogon kashewa. Spotify da Audiomack da YouTube duk suna da shi, a iPhone kuma yana cikin manhajar agogo, inda za a zaɓi ya tsai da abin da ke kunne idan lokaci ya cika. Akwai kuma wurin ƙayyade iyakar ƙarfin sauti a iPhone da wayoyin Samsung, yadda ko hannu ya danna maɓalli cikin magagi ba zai wuce ba. Nawa agogon a kan minti 30 yake, kuma rabon da in ji lokacin da yake kashewa har na manta.